Yarana sun san yaƙin Zanzibar kafin su san na Giginya

Tun kafin mu ɗaure kaya Yaya ta kira ni a waya tana faɗa. Ta ce kai yanzu kuɗin da za ka zuba ma jirgi kai da iyali, da Umra kunka tahi ai da kun dawo da lada, mi ag ga tsibiri in ba ruwa ba? Ban ja da ita ba, babbar ya uwa ce, kuma gaskiya a lokacin ni kaina ban da wata ƙwaƙƙwarar amsa. Abin da na sani kawai ƙanena da ke aiki a Darussalam ta ƙasar Tanzaniya ya shekara uku yana naci mu zo mu ga inda yake, shi ya ɗauki masauki da rabin kuɗin tikiti, mu kuma munka yi adashi wata da watanni munka cika sauran. Yau ina da amsar da zan ba Yaya, amma amsar ta zo mani da wani nauyi da ban tafi nema ba, shi ya sa nake wanga rubutu.

Daga Sakkwato zuwa Abuja, Abuja zuwa Adis Ababa, daga nan Darussalam, sannan jirgin ruwa na kusan awa biyu zuwa Zanzibar. Uwargida tun da take ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce na dam ɗin Goronyo ba, tun da jirgin ya bar gaɓa ta riƙe carbi da hannu ɗaya ta riƙe auta da ɗayan, ba ta saki ko ɗaya ba sai da munka taka ƙasa. Muna sauka abin da ya fara shiga kunnenmu kiran sallar la'asar ne. Mata da hijabi, tsofaffi da hula da jallabiya zaune a dakali, yara na fitowa daga islamiyya, lungunan tsohon birnin da suke kira Mji Mkongwe ƙanana ƙanana kamar ka shiga Gidaɗawa ko bayan Kanwuri, sai dai su ginin dutsen teku ne mai hawa biyu hawa uku da ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla. Harshensu ma sai ka riƙa tsintar naka a ciki, labari su ce habari, haɗari su ce hatari, duniya dai duniya ce, Alhamis Alhamisi. A gonar kayan ƙamshi da anka kai mu, ɗan jagoran ya tsinko wani ɗanyen abu ya murza ya miƙa ma uwargida ya ce karafuu, tana shinshinawa ta ce lah, kanumfari ne! Shekara nawa tana zuba shi a kunu da zoɓo da yaji ba ta taɓa ganin iccensa ba.

To wanga kanumfari shi ne ya yi arzikin tsibirin kuma shi ne ya jawo mishi masu ido a kai. Turawan Fotugal sun riƙe yankin kusan shekara ɗari biyu kafin Larabawan Oman su kore su a wajen 1698. Daga baya sarkin Oman Sayyid Sa'id ya ga Zanzibar ta fi mishi Maskat riba, a wajen 1840 ya dawo da fadarshi nan kacokan, anka cika tsibirin da gonakin kanumfari. A 1890 Ingila da Jamus sunka zauna can Turai sunka yi yarjejeniya, Ingila ta ba Jamus wani ɗan tsibiri nata mai suna Heligoland, Jamus kuma ta sakar mata Zanzibar, kamar dillalai biyu na musayar bisashe a kasuwar Achida, masu ƙasar ba a ko tambaye su ba.

Rana ta biyu munka tsaya bakin teku gaban wani dogon gini da ake kira Baitul Aja'ib, wanda Sarki Bargash ya gina a 1883, shi ne gini na farko da ya samu lantarki a tsibirin. Wani sashenshi ya rushe a ƙarshen 2020 don haka daga waje munka kalle shi. Nan ɗan jagoran ya ba mu labarin ranar 27 ga Agusta 1896. Sarki Hamad ya rasu kwana biyu kafin nan, ɗan uwanshi Khalid ɗan Bargash ya shiga fada ya hau gado ba tare da izinin Ingila ba, su kuma suna da wanda suke so. Sunka ba shi wa'adi zuwa ƙarfe tara na safe ya fita, ya ƙi. Tara na wucewa jiragen yaƙinsu da ke tsaye cikin ruwa sunka buɗe wuta kan fadar, kafin minti 45 an gama komai, mutum kusan 500 na ɓangaren sarki sun mutu ko sun ji rauni, a ɓangaren Ingila sojan ruwa ɗaya ne ya ji ciwo. Khalid ya fake a ofishin jakadancin Jamus, su kuma sunka ɗora Hamud a ranar. Ɗan jagoran yana magana yana nuna mana da yatsa, can jiragen sunka tsaya, nan fadar take, ta wancan lungu sarkin ya fita.

Ɗana mai shekara goma sha ɗaya ya buɗe baki yana saurare, idonshi na bin yatsan mutumin. Ni kuma jikina ya yi sanyi don labarin na san shi, sunaye ne kawai anka canza. Na dafa kafaɗarshi na ce ka ji ko, kusan irin abin da anka yi mana a Giginya ke nan. Sai ya ɗago kai ya ce, Baba, filin ƙwallo?

Wallahi har munka koma masauki maganar nan na cina. Yaron da anka haifa a Sakkwato, anka yanke cibiyarshi a Sakkwato, kullum muna wuce filin wasa na Giginya da barikin soja na Giginya da otal mai wannan suna, bai san sunan na ɗauke da jinin kakanninshi ba. Kuma ba laifinshi ba ne, ni ne ban taɓa zaunar da shi na faɗa mishi ba. A daren nan a kan tabarma a baranda, iskar teku na kaɗawa, na ba su abin da ya kamata in ba su tun a gida. Cewa Kano ta faɗi a farkon Fabrairun 1903, rundunar Turawa ta wuce zuwa Sakkwato, ranar 15 ga Maris Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu, wanda bai fi wata biyar a kan gado ba, ya fito da jama'a filin Giginya da ke bayan ganuwa da dawaki da masu da takubba da kibau, su kuma da igwa da bindigar Maxim mai aman harsashi, kuma yawancin masu riƙe da bindigogin baƙaƙen fata ne irinmu, cikinsu har da masu jin Hausa. Kafin rana ta take an gama. Waɗanda sunka tsaya kare tuta a gindinta sunka yi shahada. Sarki ya yi gabas da niyyar hijira, jama'a na barin gonakinsu da garuruwansu suna bin shi, har anka cim mishi a Burmi ta ƙasar Gombe ranar 27 ga Yuli anka kashe shi tare da ɗaruruwan mutane. Ɗanshi Mai Wurno ya ci gaba da sauran har Sudan, garin da sunka kafa a bakin kogin Nilu yana nan da sunanshi har yau. A nan gida kuma Waziri Buhari ya dawo da waɗanda sunka rage, bayan ya yi shawara da malamai kan ko ya halatta a zauna ƙarƙashin Nasara don tsare addini da rayukan mutane, ranar 21 ga Maris Gwamna Lugga ya tsaya ya ce abin da Fulani sunka samu da takobi yanzu ya koma hannun Ingila, anka naɗa Attahiru na biyu.

Shekara bakwai kacal tsakanin Zanzibar da Sakkwato, hannu ɗaya ne, salo ɗaya ne. Bambancin shi ne su can sun ajiye labarinsu a ƙasa inda yaro zai tsaya a kai, ya taɓa bango, ya ga igwa, a nuna mishi da yatsa. Mu namu yana cikin bakin tsofaffi da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, da littattafan jami'a da ba kowa ke kaiwa gare su ba. Kuma kada a manta tun wajen 2009 anka cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare a ƙasar nan, anka yi shekaru kafin a fara maganar dawo da shi, wato akwai zubin yara guda da sunka tashi ba a taɓa karanta masu ko layi ɗaya ba, wasunsu yanzu su ne iyaye, wasu ma su ne malaman aji.

Ni ra'ayina shi ne wannan sakaci ne kuma namu ne mu iyaye kafin ya zama na kowa. Muna alfahari da Cibiyar Daular Usmaniyya, muna rubuta shi a jikin mota da sitatus na WhatsApp, amma mutum nawa cikinmu ya taɓa ɗaukar 'ya'yanshi ranar Asabar ya kai su gidan tarihi na Waziri Junaidu su ga rubuce rubucen hannu da kayan yaƙi da idonsu? Hubbare muna zuwa ziyara, alhamdu lillahi, amma mu yi addu'a mu fito, ba mu tsayawa mu ce ma yaro wannan Shehu Usmanu ne, ya rasu a 1817, ɗanshi Bello shi ya kafa wanga gari a 1809, ɗiyarshi Nana Asma'u ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci ta tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata. Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Aliyu Joɗi, yau ga yaro sunayen tashar ɗan kabu kabu ne kawai.

Amma akwai abin da ya fi wannan nauyi, shi ne ma ya sa na daɗe ina jinkirin rubutun. Rana ta uku munka je inda kasuwar bayi take a da, a unguwar Mkunazini. A 1873 Ingila ta matsa ma Sarki Bargash da barazanar toshe tsibirin da jiragen yaƙi har ya sa hannu anka rufe kasuwar, 'yan mishan sunka gina babbar coci a filin. Akwai wasu ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa da ake shiga da mutane, rufin ya yi ƙasa sosai sai da na duƙa, tagar ba ta fi tafin hannu biyu ba, mu takwas ne a ciki amma cikin minti biyu gumi ya jiƙa mani riga, auta ya fara kuka uwar ta fita da shi. A waje akwai wani rami da anka sassaƙa mutane biyar tsaye a ciki da sarƙa a wuyansu. Ɗiyata ta fari, shekararta goma sha huɗu, ta daɗe tsaye a bakin ramin nan ba ta ce komai ba, hoton ma da take ta ɗauka tun safe ta daina. Can ta ce Baba, Turawa ne sunka yi masu haka? Na ce a'a, a nan yawanci Larabawa ne da Sawahilawa, attajiran garin, su ke kawo su daga cikin Afirka suna sayarwa, wasu a kai gonakin kanumfari wasu a haye teku da su. Ta ce Musulmi? Na ce eh. Ta yi shiru, sannan ta ce mu fa, a garinmu an yi?

Na so in kauce, Allah ya sani. Amma yarinyar da ta yi wannan tambaya a bakin wannan rami ba a yi mata ƙarya. Na ce an yi. Shehu da almajiranshi sun yi kakkausar magana kan bautar da 'ya'yan Musulmi, yana ma cikin abin da sunka yi ƙorafi a kai tun kafin jihadi, amma daular da anka kafa ta rayu da bayi masu yawan gaske, a gandaye da rumada da gidajen sarauta da na attajirai. Kalmominmu ma sun isa shaida, murgu, fansa, bacucane, ƙwarƙwara, ba daga sama sunka faɗo cikin Hausa ba. Sai a 1936 anka soke bauta gaba ɗaya a dokance a Arewa, wato akwai kakanninmu da sunka ga abin da idonsu. Kuma har gobe akwai gidajen da in an zo neman aure ake raɗa ana cewa a binciki asali, kowa ya san abin da ake nufi.

Ga kuma Satiru, wadda ba ta fi mil goma sha huɗu daga birni ba. A Fabrairun 1906 talakawa da gatura da fartanya, da yawansu bayi ne da sunka gudo, sunka tashi a ƙarƙashin Malam Isa da Ɗan Makaho, sunka kashe Turawa uku da sojoji sama da ashirin, har bindigar Maxim sunka ƙwace. A watan Maris anka dawo masu da runduna anka kashe mutum kusan dubu biyu, anka baje garin, anka hana sake zama a wurin, kuma a wannan karon sarautar Sakkwato tana gefen Turawa. Na san wannan magana ba ta da daɗin ji a garinmu, kuma ni ban kawo ta don in ci mutuncin kowa ba, waɗanda sunka yanke shawara a lokacin suna cikin tsaka mai wuya da ni da kai ba mu taɓa shiga ba. Amma mutum dubu biyu ba kaji ba ne. In za mu koya ma yaro Giginya mu ɓoye mishi Satiru, mu faɗa mishi zaluncin Nasara mu haɗiye namu, to ranar da ya tsinci sauran a intanet daga bakin wanda ba ya ƙaunarmu, har gaskiyar da munka faɗa mishi zai daina yarda da ita.

Ba wai na dawo ina ganin komai na Zanzibar daidai ne ba. Yadda ake ba da labarin kasuwar bayin akwai son kai a ciki, ana nuna Bature a matsayin mai ceto, alhali ƙasarshi tana cikin waɗanda sunka fi cin ribar safarar bayi ta tekun Atilantika kafin ta tuba, kuma da sunan hana bautar ne ta shigo ta zauna, kamar yadda Lugga ma ya fake da shi a nan. Sannan juyin juya halin Janairun 1964, wata ɗaya bayan samun 'yanci, wanda anka kifar da sarautar anka kashe dubban Larabawa da Indiyawa kafin a haɗe da Tanganyika a watan Afrilu, da na tambayi ɗan jagoranmu sai ya rage murya ya canza magana, su ma ashe suna da nasu Satirun. Kuma na ga yadda yawon buɗe ido ke cin gari, otal otal sun tare bakin ruwa, baƙi na yawo kusan tsirara a gaban masallaci, matasa sun koma bin Turawa da tallan sarƙa da zobe. Ni ba wannan nake nema ma Sakkwato ba. Ban damu ko Bature ɗaya bai zo ba, 'yan aji biyar na firamaren unguwarmu nake so a kai.

Na san abin da za a ce. Za a ce mutane na fama da abin da za su ci, ana sace su a gona, kai kana maganar tarihi. Gaskiya ne, kuma yana cikin abin da ke ƙona mani rai, yau Alƙalawa da ke ƙasar Sabon Birni da Gudu inda anka yi ma Shehu mubaya'a a 1804 ba wuraren da uba mai hankali zai ɗauki yara ya nufa ba ne. Amma cikin birni fa? Wa ya tare hanyar Hubbare, wa ya tare ta masallacin Shehu da na Bello da ƙofofin gari? Abin da ake buƙata bai kai kuɗin walimar biki ɗaya ba, allo mai rubutu da boko da ajami a kowane wuri yana faɗin abin da ya faru da shekarar da ya faru, matasan da sunka karanta tarihi a jami'ar Ɗanfodiyo suna zaune ba aiki a koya masu jagora su riƙa samun na cefane, kowace makaranta ta ware rana ɗaya a zango, ranar 15 ga Maris kuma limamai da gidajen rediyo su tuna ma mutane. Wasu za su ce tsoron bidi'a da girmama wurare, to ba wanda ya ce a sassaƙa mutum mutumi ko a shafi ƙasa don tabarruki, karatu ne, kuma Alƙur'ani da kanshi a wurare da dama ya ce ku yi tafiya a bayan ƙasa ku duba yadda ƙarshen waɗanda sunka gabata ya kasance.

Ayar nan ita na karanta ma Yaya da munka dawo na kai mata tsarabar kanumfari da kirfa da atamfar kanga. Ta saurare ni har na gama, ta ce to naji, amma ni har yanzu Umra ta fi. Na ce ta fi Yaya, ban musa ba, Allah ya kai mu. Sai ɗan nawa ya matso ya ce Gwaggo kin san abin da anka yi a Giginya? Ta ce kai tafi can, ni za ka ba labarin Giginya, kakan kakanka da dokinshi ya fita ranar bai dawo ba, Inna ta sha faɗa mana. Na juya na kalle ta, shekarata arba'in da shida ban taɓa jin wannan magana ba sai ranar. Yaran sunka zauna a gabanta a kan tabarma, ɗiyata ta jawo wayar uwarta ta danna rikodin, Yaya ta gyara zama ta ce to ku bari in fara daga inda Inna ke farawa.